Dodannin Hoton da Yaya Ya Ce a Wanke

Wanda ya ba mu aron Yaya ya karɓi abinsa. Yayana, wanda muke ciki ɗaya da shi, ya rasu ranar Talata da hantsi a gidansa da ke bayan unguwar Misfala a nan Makka, aka sallace shi a Harami bayan la'asar. Ban san shekarunsa ba, shi ma bai sani ba. Abin da na sani shi ne, ranar da muka sauka daga jirgin ruwa a Jidda tare da iyayenmu shi ya goya ni, yau kuwa ga ni da tattaɓa-kunne.

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Faɗa nake yi maƙwabciyata tana rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Sunaye ba za ku ji ba. Ban kama sunan Yaya ba yana raye, ban kama na maigidana ba, ba yanzu zan fara ba.

Kwana uku aka jera kujeru a layinmu, maza a waje mata a ciki, ana zagawa da gahawa da dabino. Na zauna a bakin ƙofa inda nake jin ɓangarorin biyu, don ban son a ba ni labarin abin da zan iya ji da kunnena. Tsofaffin Takari suka yi ta cewa an yi rashin mai ɗebo Zamzam, mutumin da ba ya ɗaga kai ya dubi kowa. Abin da suka san shi da shi ke nan. Limamin zawiyarmu ya yi masa addu'a mai kyau, sai ya rage murya ya ce Allah ya karɓi tubarsa, tunda a ƙuruciya ya taɓa abin da ya taɓa. Matan da ke kusa da ni suka gyaɗa kai kamar an ce ya taɓa sayar da giya.

A rana ta biyu 'ya'yan ɗan kawunmu suka iso daga unguwar Aziziyya, cikin fararen riguna, turare ya riga su shigowa. Babban nasu ya rungumi babban ɗan Yaya, ya ce masa da Larabci marigayi yana cikin tsofaffin ma'aikatan mahaifinsu, kuma mahaifinsu yana yabon amanarsa har ya bar duniya. Ɗan Yaya ya yi godiya. Na ji, na haɗiye, don ƙasar kabari ba ta bushe ba.

Mutum ɗaya ne ya yi kukan da na yarda da shi. Wani tsohon Bayamale aka turo a keken guragu, baki ya karkace, magana ba ta fita. Da aka kai shi gaban 'ya'yan Yaya sai ya ɗaga hannu ya yi kamar ya cire murfi daga wani abu, ya riƙe a sama leɓɓansa suna motsi, sannan ya mayar. Matasa suka ɗauka ciwon ne. Ni na san abin da ya yi, kuma saboda shi na ce sai an rubuta wannan.

Ba zan ɓoye ba, a zaman nan zuciyata rabi tana kan Yaya, rabi tana kan wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa. A cikinsa akwai fuskar maigidana, guda ɗaya tak da ta rage a duniya. Maigidan nawa ya rasu ina da cikin 'yata, ba ta taɓa ganinsa ba, yau ita ma kaka ce. Shekaru na yi ina roƙon Yaya ya fito mana da ita yana ƙi, sai kwana huɗu kafin rasuwarsa ya yarda. Jira nake a tashi daga zaman makoki in karɓa.

Yadda fuskar ta shiga akwati, sai na koma baya.

Babanmu bai shekara a Makka ba ya rasu. Yaya ya shiga dako, daga nan wani Ba'indiye mai ɗaukar hoto a bakin kasuwa ya ɗauke shi yana ɗaukar masa kaya. A lokacin abin ɗaukar hoto akwati ne na katako a kan ƙafa uku, da gilashi a gaba, da hannun riga baƙi a baya inda mai hoto ke zura hannunsa ciki. A nan cikin akwatin ake ɗauka, a nan ake wankewa, mutum yana tsaye za a miƙa masa hotonsa da lema. Ba'indiyen nan bai taɓa bari kowa ya leƙa ciki ba. Yaya ya shekara biyu yana ɗauke da akwatin a kafaɗa, ya ce ya san nauyinsa, ya san warinsa, ya san akwai ruwa iri biyu a ciki don ƙarar motsinsu ta bambanta. Rannan zazzaɓi ya kwantar da mutumin, ya ce Yaya ya je ya zubar da ruwan maganin kada ya ci kwanon. Buɗewa ɗaya ya yi. Da ya dawo gida bai ci abinci ba, ya kira wani kafinta maƙwabcinmu, suka tsuguna a tsakar gida yana zana masa a ƙasa da tsinke. Kafintan nan shi ya zama maigidana daga baya.

Akwatin farko da katakon akwatin ganyen shayi aka yi shi. Gilashin daga wata fasasshiyar kyamara ta alhazan Turkiyya da Yaya ya tsinto a kasuwar gwanjo. Kwanonin maganin gwangwanin kifi ne aka shafe da kwalta. Hannun rigar kuwa ƙafar wandon marigayi babanmu ce, ni na ɗinka ta, ninki biyu, Yaya yana tsaye a kaina yana ɗaga ta ga rana ko zai ga haske ya ratsa. Sau uku ya sa na warware. Wata da watanni takarda tana fitowa baƙa ƙirin ko fara fat. Innarmu ta ce a bar wannan shirme a koma dako.

Wata ranar Juma'a da hantsi aka zaunar da kafinta a kan kujera jikin bango. Yaya ya ce masa, "Tsaya cak. Ko ƙuda ya sauka a idonka ka bar shi." Ya cire murfin gilashi, ya yi tasbihi, ya mayar, ya zura hannu ciki ya daɗe. Abin da ya zaro ya sa na ruga ɗaki. Mutum ne, amma fuskarsa fara kamar an shafa toka, haƙora baƙaƙe, farar hularsa ta koma baƙa. Wannan shi ake kira dodon hoto, Larabawa su ce afirita. Yaya ya manna dodon a wani ɗan allo gaban gilashin, ya sake ɗaukar hotonsa, ya sake zura hannu. Sai ga kafinta ya fito kamar yadda Allah ya yi shi. Fitar da mutum daga dodonsa, shi masu sana'ar ke cewa wanke hoto. In dodo yana nan, ko bayan shekara nawa ana iya wanke wani.

Labari ya bazu, masu son shiga sana'ar suka fara zuwa a yi musu akwati. Amma Yaya da kafinta ba su da takarda, ba mai ba su hayar shago. Ɗan kawunmu a nan aka haife shi, yana da takardar ɗan ƙasa, sai aka kama wata rumfa da sunansa. Shi ya fara kiran abin kamfani. Mutanen unguwa suna wucewa suna dariya, suna tambaya ko manaja yana ciki, alhali manajan yana zaune a ƙasa yana shafa kwalta. Kamfanin dai mutum uku ne, da ni mai ɗinkin hannun riga da ba a lissafawa. Kafinta ya fere, Yaya ya saka gilashi ya gwada, ɗan kawu ya yi magana da masu saye da masu zuwa tambayar takardu. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ba don shi ba da an rufe rumfar tun watan farko. Amma ƙusa ɗaya bai taɓa bugawa ba.

In aikin Hajji ya matso ba a hutawa. Yamalawa, Buhariyawa, Indiyawa, 'yan uwanmu Takari, kowa yana son akwatinsa ya isa Mina kafin alhazai, don a can ake samun masu son hoto da harami su kai gida. A kan jakuna ake kai su. Kowace shekara sai sun ƙara wani abu. Maigidana ya yi ƙafafu masu naɗewa, don in aka zo kora mutum ya rungumi kayansa ya shige cikin tantuna. Yaya ya sa wata 'yar taga ta jan gilashi a sama, a leƙa a ga hoto yana fitowa ba tare da haske ya ɓata shi ba.

Abin da ya sa akwatunansu suka fi na kowa, ba katako ba ne. Masu hoton wancan zamani in suka ɗauki baƙin mutum da farin harami, haramin ne ke fitowa, fuska sai dunƙulen gawayi da ido biyu. Alhazanmu su karɓa su biya su tafi, suna zaton haka Allah ya yi su. Yaya ya ce ba haka ba ne, gaggawa ake yi mana. Ya gano in ka zaunar da mutum a inuwa, farin bango yana gabansa ba bayansa ba, ka kuma daɗe kafin ka mayar da murfi, har zanen fuska sai ya fito. Agogo ba shi da shi, da tasbihi yake awo. Baturke subhanallahi uku, Bamisire huɗu, Bahaushe bakwai, in ɗan Barno ne ko mutumin kudancin Sudan ya kai tara. Duk wanda ya sayi akwati sai ya koya masa wannan, kuma ba ya sakin akwati sai mai saye ya ɗauki maigidana ya fito da shi sosai. Bayamalen nan na keken guragu kwana uku yana ɗauka Yaya yana yagawa.

A kan wannan suka fara saɓawa da ɗan kawu. Akwai wani jan fenti da ake shafawa a fuskar dodo, in aka wanke sai mutum ya fito da haske fiye da yadda yake. Ɗan kawu ya ce a riƙa haɗawa da kwalbarsa a kowane akwati, alhazai suna so. Yaya ya ce mutum ya taka daga Katsina zuwa nan da fuskarsa, ba zai mayar wa uwarsa da ta wani ba. Suka yi ta yi har maigidana ya ajiye zarto ya fita. A ƙarshe ɗan kawu yana saka kwalbar a ɓoye, Yaya yana cirewa in ya gani, haka suka zauna ba wanda ya sake tayar da maganar.

Yaya ba mai fara'a ba ne, kada a yi masa ƙarya don ya mutu. Yana da tsawa, ba ya yabon aiki, in ya ce ba laifi to ka kai ƙarshe. Amma yana da wata ɗabi'a. Sauran masu hoto yar da dodo suke yi, shi kuwa in ya ɗauki ɗan ƙasarmu sai ya shanya dodon, ya juya bayansa ya rubuta da tawada, da ajami, sunan mutum da na ubansa da garinsu. Na tambaye shi amfanin tara wannan shara. Ya ce mutanenmu suna mutuwa a nan ba takarda, kabari ba alama, wata rana wani zai zo nema. Kuma an zo. Na ga wani mutum daga wajen Damagaram yana neman uwarsa da ta taho shekara goma ba labari. Yaya ya zauna ya yi ta juya dodanni tun azahar har ya same ta, ya wanke masa biyu, ya raka shi wurin matan da suka yi jinyarta. Mutumin ya ciro abin da zai bayar, Yaya ya daka masa tsawa kamar ya zage shi.

Shekarar da nake da cikin 'yata, Hajji ya faɗo a tsakiyar zafi. Akwati biyu suka makara, masu su suna jira a Mina, jakuna duk an kama. Maigidana ya ce a bari sai rana ta yi sanyi, Yaya ya ce an yi alkawari. Maigidana ya ɗora su a ka ya kama hanyar Mina a ƙafa. Akwatunan an tsince su a gefen hanya, ba abin da ya same su. Shi kuwa zafin ya kayar da shi, kafin mu gano inda aka kai shi an riga an binne shi tare da wasu, har yau ban san wurin ba. Hotonsa na farkon nan yana cikin kwallata, shekara uku bayan haka ruwa ya shiga gidanmu ya tafi da kwallar.

Yaya bai sake taɓa gilashi ba. Ya fara zama gaban masu wa'azi, ya ji abin da ake faɗa kan masu yin surar abu mai rai, cewa ranar gobe za a ce su busa musu rai. Ya sa a ransa mutuwar abokinsa gargaɗi ce. Ya tattara dodannin ya zuba a akwatin ƙarfe, na maigidana ya naɗe shi daban a baƙin ƙyalle ya ɗora a sama, ya kulle, ya rataya makullin a wuya. Ya koma ɗebo Zamzam yana kai wa gidajen alhazai, lokacin Hajji ya yi dako a Mina, har ƙafa ta gaza. Rumfa ta zama ta mai suna a takarda. Ba a daɗe ba ƙananan kyamarori na waje suka cika kasuwa, akwati ya mutu. Ɗan kawu ya mayar da wurin ɗakin ɗaukar hoto, ya koma Aziziyya, yau 'ya'yansa suna sayar da wayoyi da kyamarorin tsaro. Na taɓa shiga shagonsu sau ɗaya. Sun sa tsohon akwati cikin gilashi, hoton ubansu a sama, an karanta mini rubutun, wai shi ya ƙera shi da hannunsa. Na matsa na duba hannun rigar, ɗinkina ne.

Da na gaya wa Yaya sai ya ce su riƙe, gara a kira sunan wani ranar da za a kira masu laifin. Na ce ashe tubar taka har da mugunta a ciki. Bai yi dariya ba.

Rigimarmu da shi kan dodon maigidana ta fi shekara arba'in. Duk bayan Hajji sai na je. Wata shekara 'yata za ta yi aure, na ce masa yarinya za ta bar gida ba ta san fuskar ubanta ba, ba ma sai ya wanke da hannunsa ba, ya ba ni in kai wani wuri.

Ya ce, "Auta, in na ba ki ni na yi."

Na ce, "To ƙona su mana, in da gaske tuba ka yi."

Ya ce, "Akwai sunayen mutane a baya."

Na ce masa shi dai bai iya sakin duniya ba bai iya kama lahira ba, kuma ranar da ya aiki mutum cikin rana bai tsaya tambayar malamai ba. Wannan maganar ban so na faɗa ba, amma ta fita. Ya tashi ya shiga ɗaki. Shekara biyu ban taka gidansa ba, shi kuwa duk Juma'a sai an ajiye jarkar Zamzam a ƙofata, ba sallama ba saƙo. Haka muka shirya, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Yanzu kowa da waya a hannu, limamai ma ana ɗaukarsu suna huɗuba. Na sha nuna masa haka. Sai ya ce su suka sani.

Da ciwon ƙarshe ya kama shi, Larabci ya gudu daga bakinsa. Mutumin da ya tashi 'ya'yansa da Larabci don kada a raina su a makaranta, ya wayi gari ba ya jin komai sai Hausa, Hausar ma ta garinmu. Babban ɗansa ya haura hamsin, mutumin kirki ne, mai yawan ibada, shi ya yi jinyarsa har ƙarshe. Amma Hausarsa ta gaisuwa ce da aike, kawo ruwa, rufe ƙofa. Ko Goggo ba ya ce mini, sai Amma, yadda Larabawa ke kiran goggo.

Ranar Juma'ar ƙarshe ina zaune ina yi masa fifita, ɗan yana gefe. Yaya ya laluba wuyansa ya ciro makullin, ya damƙa wa ɗansa, ya nuna ƙarƙashin gado. Ya ce, "Ka wanke su. Duka. Kada in tafi da haƙƙin mutane." Sannan ya juyo da ido ya dube ni, ya daɗe. Ɗan ya sumbaci kansa ya ce, "Abshir, ya Abuya," wato an gama, Baba. Na fita tsakar gida don kada su ga fuskata. Na kira 'yata na gaya mata kawunta ya sauko.

Ni da ake cewa ba abin da ke wuce mini, ban tsaya na tambayi ɗan me ya fahimta ba.

Rana ta uku ta zaman makoki, bayan azahar, mutane ba su fara taruwa ba. Na fita alwala sai na ga ruwa yana zuba daga indararon bene, ruwan toka-toka, da warin bilic. Ba ranar wanki ba ce. Na daɗe ban hau benen nan ba saboda gwiwa, amma na hau, ina dafa bango.

Ɗan Yaya yana tsugune ya naɗe hannun riga. Baho uku a gabansa, cike da ruwan tanki, wanda da rana tsaka ko hannu ba ya shiga. Takardu sun jiƙe sun yi laushi, yana ɗaukar ɗaya ɗaya yana murzawa da tafin hannu, baƙin yana sulɓewa, ya juya baya ya wanke tawadar, ya jefa a kwando. Kwandon ya kusa cika da farar takarda. Akwatin ƙarfe yana gefe a buɗe. Da ya gan ni ya miƙe, idonsa jawur, ya ce alhamdu lillahi ya kusa gamawa, yana son ya sauke wasiyyar kafin a tashi daga zama. Ya ce da farko ya yi niyyar ƙonawa, sai ya ga rubutu da haruffan Alƙur'ani a bayansu, sai ya gane hikimar Abuya da ya ce a wanke, kamar yadda ake wanke allo. Ruwan bahon farko ma a gindin bishiya ya zuba, sai da ya gaji da hawa da sauka ya fara zubawa a nan.

Na ce, "Na cikin baƙin ƙyalle fa?"

Ya ce, "Da shi na fara, Amma. Na ga ya ware shi daban, na san shi ya fi damunsa."

Na zauna a kan bulo, zafinsa ban ji ba sai daga baya. Na sa hannu a kwandon na yi ta juyawa, duk iri ɗaya ne. Ya tsaya yana kallona, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya tambaye ni ko ba haka mahaifinsa ya ce ba.

Wata za ta ce masa haka ne, don ya ji sanyi. Ni ban saba ba. Na gaya masa abin da wanke hoto yake nufi, na gaya masa wane ne a cikin ƙyallen, na gaya masa su waye sauran, da abin da ya sa ubansa ya rubuta sunayensu. Da Larabci na gaya masa, don kada wannan ma ya ɓace a hanya. Ya dubi hannuwansa, ya durƙusa ya fara tsamo waɗanda ke cikin baho yana shimfiɗawa a ƙasa, suna narkewa a yatsunsa. Na ce ya bari. A gindin akwatin akwai ragowar da bai kai gare su ba, ba su cika tafi biyu ba. Na kwashe su a gefen mayafina. Waɗannan an wanke su yanzu yadda ya kamata, shi da kansa ya kai su wurin masu hoto, suna wurina, duk mai neman nasa ya zo ya duba.

Ban ɗora masa laifin shi kaɗai ba. Ubansa ya hana shi harshen da zai ji wasiyyarsa da shi, ya kuma ɓoye masa sana'arsa kamar abin kunya. Ni kuma ina zaune a wurin.

Da na sauko 'yata ta iso daga Aziziyya, tana zaune cikin mata. Ta dubi hannuna, ta dubi mayafina, ta taso ta ja ni ɗaki. A jakarta akwai firam da ta saya a hanya, ba ta ko cire ledarsa ba. Na gaya mata. Sai ta ce to in faɗa mata kamanninsa da baki, a hankali, tun daga goshi. Na fara. Na ce dogo ne, baƙi, goshinsa da faɗi, yana da wushirya. Ta ce wannan na sha gaya mata, zanen fuskarsa fa, guda nawa ne a kowane kunci. Na buɗe baki in ce uku, sai na ga kamar huɗu. Na rufe ido na nemo shi a kan kujerar nan jikin bango, hular na gani, da kafaɗun. Mutum ɗaya ne da zan tambaya, mun kai shi ranar Talata.

Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka masa inda yake kwance. Shi ya ƙera akwatin farko, shi da maigidana, a rubuta haka. Allah ya sa abin da ya ji tsoro bai same shi ba. Ni na yafe masa aiken da ya yi cikin rana, wannan na daɗe da yafewa ban gaya masa ba. Jinkirin ne nake roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa kafin in bi shi.